Kyamara Mai Sifirin da Kyamara Mai Lantarki a Tarihin Ɗaukar Hotunan Makka da Aikin Hajji, 1880–2004

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kyamarorin da aka ɗauki hotunan Makka da aikin Hajji da su, tun daga akwatin katako na Muhammad Sadiƙ Bey a 1880 har zuwa shigowar wayar salula mai kyamara a 2004. An kwatanta nau'i biyu na gangar jikin kyamarar fim: mai sifirin, wadda ke aiki da ƙarfin ƙarfe kamar tsohon agogo, da mai lantarki, wadda batir ke sarrafawa. An nuna cewa hujjar da aka saba kafawa wajen fifita ta farko, wato mutuwar batir, a ƙasashen sanyi ta samo asali, alhali abin da ya gwada na'urorin a Makka shi ne zafi da ƙura da farin ihrami da ƙuntataccen lokaci. Babban abin da lantarki ya sauya shi ne hannun da ke riƙe da kyamarar, kuma ta wannan ƙofa ce alhazan ƙasar Hausa suka shiga taskar hotunan Hajji.

Fitilun kalmomi: Makka, aikin Hajji, kyamara, fim, tarihin hoto, alhazai

1.0 Gabatarwa

Tsayuwar Arfa yini ɗaya ce a shekara, daga gotawar rana zuwa faɗuwarta a ranar 9 ga Zulhajji. Mai ɗaukar hoton da kyamararsa ta cije a wannan ɗan tsakani, ko ta auna haske ba daidai ba, sai ya jira baɗi, idan da rai da guzuri da izini. A zamanin fim kuwa ba shi da hanyar sanin ya yi kuskure sai bayan an wanke, galibi makonni bayan ya koma gida. Saboda haka muhawarar da masu sana'ar hoto suka shafe shekaru suna yi kan wace kyamara ce abar dogaro, mai sifirin ko mai lantarki, ta fi nauyi a Makka fiye da wurare da dama.

Akwai wani dalilin kuma. Birnin da aka ɗauka a waɗancan hotuna mafi yawansa ya kau. Faɗaɗa Masallacin Harami da aka soma a 1955 zamanin Sarki Sa'ud, da wanda Sarki Fahad ya aza harsashinsa a 1988, da na Sarki Abdullah daga 2011, sun haɗiye unguwanni da kasuwanni da tuddai. Abin da fim ya kama shi ne shaidar da ta rage wa mai nazarin tarihi, kuma irin na'urar da ta kama shi tana da ta cewa kan abin da ya shiga hoton da wanda ya tsere masa.

2.0 Bambancin Nau'o'in Biyu

Kowace kyamarar fim aiki ɗaya take yi: ta bar haske gwargwadon buƙata ya faɗa kan fim. Abu biyu ke ƙayyade wannan gwargwado. Na farko faɗin kafar da ke cikin gilashin gaba, na biyu tsawon lokacin da labulen da ke gaban fim zai kasance a buɗe. Masu sana'ar suna ƙirga haske da mataki, kowane mataki yana ninka hasken ko ya raba shi biyu. Rabuwar nau'o'in biyu a wajen labulen take.

A kyamara mai sifirin, idan mutum ya ja mariƙin da ke tura fim gaba da babban yatsansa, ya ɗana sifirin ke nan, kamar mai yi wa agogo wani. Da ya latsa maɓalli sai sifirin ya saki labule na farko, wasu ƙananan giya masu haƙora su riƙe na biyu na ɗan lokacin da aka zaɓa, sannan su sake shi ya rufe. Babu batir a wannan aiki ko kaɗan. Leica M3 ta 1954, da Nikon F ta 1959, da Nikon F2 da Canon F-1 na 1971, da Pentax K1000 ta 1976, duk haka suke. Wasunsu suna da batir, amma ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa. Idan ya mutu allurar ma'aunin ce ke kwantawa, labule kuwa yana nan yana aiki.

A kyamara mai lantarki, maganaɗisu ne ke riƙe labule na biyu, da'irar lantarki kuma ita ke ƙirga lokaci. Tun da ƙirgar ta koma hannun lantarki, sai ya yiwu a haɗa ta kai tsaye da ma'aunin haske, kyamarar ta zaɓa wa kanta lokacin da ya dace. Yashica Electro 35 ta 1966 ta yaɗa wannan dabara a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi, Pentax Electro Spotmatic ta 1971 ta shigar da ita cikin kyamarorin da ake sauya wa gilashi, sannan Canon AE-1 ta 1976 ta zo da ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikinta, aka sayar da fiye da miliyan 5. Ita AE-1 idan batirinta ya ƙare ba ta ko motsi. Lokacin da Nikon ya fito da F3 a 1980, ya bar mata saurin sifirin guda ɗaya, kusan 1/60 na sakan, domin ranar tsiya. Duk da haka ƙwararru da yawa sun jima suna ɗari-ɗari da ita, suna riƙe da F2 ɗinsu.

3.0 Kafin Sifirin da Lantarki

Hotunan Makka na farko da aka sani ba su san ko ɗaya daga cikin nau'o'in biyu ba. Muhammad Sadiƙ Bey, injiniyan soja daga Masar, ya ɗauki Madina a 1861, sannan ya ɗauki Makka da wuraren ibadar Hajji a 1880 lokacin da ya raka ayarin Mahmal na Masar. Kyamarar zamanin akwatin katako ce a kan ƙafa uku. A hanyar da ta fi yaɗuwa a lokacin tafiyarsa ta farko, sai an shafa wa farantin gilashi sinadari, a ɗauki hoto, a wanke, duk kafin ya bushe, abin da bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba ko a ƙasa mai laima, balle a Hijaz. Labule kuwa hannun mutum ne: ya cire murfin gilashi, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Hotunan sun ci lambar zinariya a baje kolin da aka yi a Banis ta Italiya a 1881.

Bayansa sai al-Sayyid Abdulgaffar, likita mazaunin Makka, wanda Christiaan Snouck Hurgronje ɗan ƙasar Holan ya bar wa kyamararsa lokacin da aka tilasta masa barin garin a 1885. Likitan ya ci gaba da ɗaukar Harami da Mina da Muzdalifa da Arfa yana aikawa Leiden, inda aka buga wasu a Bilder aus Mekka a 1889 ba tare da an ambaci sunansa ba. Sai da aka yi kusan ƙarni ɗaya manazarta suka mayar masa da haƙƙinsa, ta hanyar sa hannun da ya yi da Larabci a jikin farantan. Ibrahim Rif'at Basha, wanda ya yi Hajji sau huɗu tsakanin 1901 da 1908, ya cika Mir'at al-Haramayn da ɗaruruwan hotuna a 1925.

Wanda ya duba waɗannan hotuna zai lura da abu guda: gini a tsaye yake sarai, tantuna ma haka, mutum kuwa sai wanda aka tsayar ya daskare, mai tafiya ya zama inuwa. Hajji ibada ce ta motsi, kyamarar kuma ba ta iya kama motsi ba tukuna.

4.0 Zamanin Sifirin

A shekarar da littafin Rif'at ya fito, kamfanin Leitz na Jamus ya fitar da Leica ta farko, ƙarama mai ɗaukar fim na milimita 35. Wannan ne ya ba kyamara damar sauka daga ƙafa uku ta shiga cikin taro. Amfaninta a Makka ya ninka na sauran wurare, domin mai ihrami ba shi da aljihu, kuma malamai da yawa a ƙasar, ciki har da Shaikh Abdul'aziz bin Baz daga baya, suna kan fatawar haramcin ɗaukar hoton mai rai sai bisa lalura irin ta fasfo. Na'urar da za a iya sakayawa a ɗamara, wadda labulenta na ƙyalle ba ya ƙara, ta dace da wurin da idon jama'a ba ya maraba da ita.

Mujallar National Geographic ta buga hotunan Hajji masu launi a watan Yuli 1953, waɗanda Abdul Gafur Shaikh, ɗalibi a Jami'ar Harvard, ya ɗauka a Hajjin 1952. A Janairu 1966 ta buga na ma'aikacinta Thomas Abercrombie, wanda ya musulunta. Peter Sanders ɗan Ingila ya sami izinin ɗaukar Hajjin 1971, Mohamed Amin ɗan Kenya kuma ya fitar da littafinsa na hotunan Hajji a 1978. Kyamarorin ƙwararru masu fim ɗin milimita 35 a 1952 da 1965 duk masu sifirin ne, don a lokacin babu waninsu.

Ya kamata a tuna irin fim ɗin da ake aiki da shi. Kodachrome na shekarun 1950 lambar saurinsa 10 ce kacal, sai a 1961 ta kai 25. Fim ne na majigi, wato shi kansa ake haskawa a bango ko a buga a mujalla, kuma ba ya yafe kuskure: rabin mataki ya isa ya dusar da launi ko ya duhunta shi. Ba a wanke shi sai a manyan ɗakunan wanki na musamman a Turai da Amurka da wasu ƙasashe ƙalilan. Mai ɗaukar hoton yana ɗauke da ilimin haske a kansa. Ya san cewa da tsakar rana, idan ya sa kafar gilashi a lamba 16, saurin labule zai yi daidai da lambar fim ɗinsa, daga nan ya ƙara ko ya rage gwargwadon abin da idonsa ya gani. Kyamarar ba ta ba shi shawara, ba ta kuma yi masa gardama. Sakamakon haka hotunan wannan zamani kaɗan ne, masu su ƙalilan ne, kuma kusan dukkansu ko baƙi ne masu izinin hukuma ko ma'aikatan manyan kafafe. Alhazan Afirka ta Yamma, da Hausawan da suka daɗe da zama a unguwanni irin su Misfala da Jarwal, sukan bayyana a ciki a matsayin fuska mai jan ido a cikin taro, ba tare da suna ba.

5.0 Jarrabawar da Makka ta Yi wa Lantarki

Tsoron mutuwar batir ɗan ƙasar ƙanƙara ne. Sanyi mai tsanani yana kashe ƙarfin batir nan take, shi ya sa da Naomi Uemura ɗan Japan zai tafi ƙuryar arewacin duniya shi kaɗai a 1978, F2 mai sifirin Nikon ya ƙera masa ta musamman. Daga irin waɗannan labarai ne karatun ya bazu cewa sifirin na wahala ne, lantarki na gari. Makka ba ta san wannan sanyi ba, don haka a nan sai an sake lissafi.

Wani abin lura da ba kasafai ake ambata ba shi ne kalanda. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, don haka Hajji yana zagaya yanayin shekara cikin shekara 33. Hajjin 1971 a Fabrairu ya faɗo, na 1976 a farkon Disamba, na 1980 a Oktoba. Na 1985 kuwa a Agusta aka yi shi, na 1988 da 1990 a Yuli, na 1992 a Yuni. Ke nan shekarun da Nikon F2 da takwarorinta suka yi tashe sun dace da Hajjin sanyi, shekarun da lantarki ya mamaye kasuwa, da Minolta 7000 ta 1985 da Canon EOS 650 ta 1987, sun dace da tsakiyar bazarar Hijaz, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a kullum. Duk wanda zai kwatanta ƙwazon nau'o'in biyu a Hajji ba tare da wannan ba, ya gwada ɗaya a inuwa ɗaya a rana.

Zafi ba ya zaɓe. Yana narkar da giris ɗin da ke cikin gilashi ya gangaro kan ganyayen kafar haske su manne, ko kyamarar wace iri ce. Yana sauya launin fim, musamman na ƙwararru da kamfanin Kodak ya ce a ajiye a sanyin da bai wuce digiri 13 ba. A kyamara mai sifirin, mai da ya tsinke ya haɗu da ƙurar Mina yakan sa giya su yi nauyi, saurin da aka rubuta ya kauce wa wanda labule ke bayarwa, ba tare da wata alama ba. Leica da ire-irenta suna da wata lalurar daban: tun da babu madubi tsakanin gilashi da labulen ƙyalle, idan aka ajiye kyamarar tana kallon rana babu murfi, gilashin yakan tattara hasken ya huda labulen. A kyamara mai lantarki kuwa, ƙaramin allon lambobi yakan yi baƙi ƙirin idan ya gasu, sai ya huce ya dawo. Batir kuma yakan zuƙe da wuri ko ya yi yoyo ya ci ƙarfen da ke riƙe da shi, gumi ya ƙarasa ɓarnar.

Inda hujjar batir ta tsaya da ƙafarta a Makka shi ne nisa da kanti. Daga 8 ga wata zuwa 12 ko 13 alhaji yana tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, Arfa kuma tana da tazarar kusan kilomita 20 daga Harami. Batir irin na ƙaramar rediyo ana samunsa kusan ko'ina. Ƙwayar batir mai kama da maɓallin riga da Nikon F3 ke ci, ko mai bolt 6 na AE-1, ko na litiyam na EOS 650, ba abin da za a nema a wajen mai tallan ruwan sanyi ba ne. Maganin da ƙwararrun duniya suka yi wa wannan matsala sananne ne, wato rataya kyamara biyu, mai lantarki don aiki, mai sifirin don ko-ta-kwana. Wannan buƙata ce ta raya Nikon FM2, wadda aka fitar a 1982 da saurin 1/4000 na sakan babu batir, aka kuma ci gaba da ƙera ta har 2001.

Babbar jarrabawar dai ta launi ce. Ma'aunin haske an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya, zai ba da launin toka matsakaici. A yawancin duniya zaton yana kusa da gaskiya. A Arfa, inda dubun dubatar maza ke sanye da fararen mayafai biyu a ƙarƙashin fararen lemomi, ma'aunin yana ganin haske ya yi yawa, ya rage mataki ɗaya ko biyu, farin ihrami ya fito toka-toka, fuskar baƙin mutum kuwa ta nutse gaba ɗaya. Wannan kuskure ya fi cutar da alhajin Kano ko Maraɗi fiye da na Istanbul. A filin ɗawafi abin ya ƙara rikicewa bayan da aka shimfiɗa farin marmara na Girka daga ƙarshen shekarun 1970: baƙar rigar Ka'aba a tsakiya, farin ƙasa da farin tufafi a kewaye. Idan rigar ta cika ido, kyamara mai zaɓa wa kanta sai ta buɗe fiye da kima, masu ɗawafi su ƙone su zama fari fat. Laifin na ma'auni ne, ba na labulen lantarki ba, amma a kyamara mai sifirin hukuncin ƙarshe na mutum ne, a mai lantarki kuwa ma'aunin ne ke yanke shi idan ba a tsawata masa ba. Masu ƙira sun san da matsalar. A 1983 Nikon FA ta zo da ma'auni mai raba fili kashi-kashi, Olympus OM-4 kuma ta zo da maɓallin da ke gaya wa kyamara cewa abin da ke gabanta fari ne, ta ƙara mataki biyu. Abin sha'awa, Olympus ya sa wannan ma'aunin a OM-3, wadda labulenta na sifirin ne.

Da dare kuwa lantarki ne ke da rinjaye. Giyar kyamara mai sifirin galibi ba ta ƙirga fiye da sakan ɗaya. Abin da ya wuce nan sai mutum ya riƙe maɓalli yana duban agogo. Olympus OM-2 ta 1975 tana auna hasken da ke tashi daga jikin fim ɗin kansa a yayin da labule ke buɗe, ta rufe idan ya isa, ko da ya kai minti guda. Hoton da ya zama tambarin Makka a ƙarshen ƙarni na 20, wanda Ka'aba ke tsaye cak masu ɗawafi sun narke sun zama farin kogi mai kewaya ta, irin wanda aka sani a aikin Ali Kazuyoshi Nomachi ɗan Japan da aka buga a 1997, hoto ne na dogon buɗi. Ana iya yin sa da sifirin, amma lantarki ya mai da shi abin da ake maimaitawa babu caca. Inuwar mai tafiya da ta kasance aibi a faranti na Abdulgaffar ta dawo ta zama abin nema.

Haka kuma Cibiyar Binciken Aikin Hajji da Sami Angawi ya kafa a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda a 1975 ta yi amfani da hotunan sama da hotunan da ake ɗauka a jere bisa tazarar lokaci domin nazarin kwararar jama'a. Irin wannan aiki, inda kyamara za ta yini tana ɗauka ba hannu a kanta, sai da mota da agogon lantarki.

6.0 Kyamara a Hannun Alhaji

Sauyin da ya fi shafar ƙasar Hausa ba a kyamarorin ƙwararru ya faru ba. Konica ya fito da C35 EF mai filasha a jiki a 1975, da C35 AF mai daidaita nisa da kanta a 1977. Canon AF35M ta 1979 ta ƙara da motar tura fim. Daga 1983 gwangwanin fim ya soma zuwa da alamar da kyamara ke karanta lambar saurinsa da kanta. A ɓangaren wanki, Noritsu ya fitar da ƙaramin injin wanke hoto a 1976, wanda ya haifar da shagunan wankin awa ɗaya. Fim mai launi da ake wanke hoton takarda daga dodonsa yana da haƙuri, yana jure kuskuren mataki biyu ko fiye ta wajen yawan haske. Duk ilimin da Abercrombie ke ɗauke da shi a ka an ɗura shi cikin akwatin roba mai maɓalli ɗaya.

Waɗannan shekaru su ne na kuɗin man fetur a Nijeriya. An kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Jirgi daga Kano zuwa Jidda ya maye gurbin tafiyar shekaru ta Fort Lami da Sudan, kasuwannin Jidda da Makka kuma cike suke da kayan Japan. Kyamara ta shiga jerin tsaraba tare da rediyo da agogo da darduma da haƙorin Makka. Har yara ma sun sami rabonsu a 'yar kyamarar roba ta wasa, wadda ba ta ɗaukar komai, sai dai a leƙa a latsa, hoton Ka'aba ya wuce na Madina ya shigo.

Hotunan da suka fito daga wannan hannu sun sha bamban da na mujallu. Cikin Harami kusan babu su, saboda askarawa suna hana shiga da kyamara, ƙaramar kyamarar lantarki kuma ba ta iya sirri: motarta tana kuka, filasharta tana tashi ba a tambaye ta ba. Abin da ta kama shi ne masauki, da kwanon tuwo a tsakiyar 'yan ɗaki, da tantin jiha a Mina, da motar da ta maƙale a hanyar Muzdalifa, da zaman jiran jirgi a Madinatul Hujjaj, da mata, waɗanda ƙwararrun maza baƙi ba su da hanyar shiga inda suke. Wanda ba shi da kyamara yakan tsaya gaban masu Polaroid da ke kewaya Dutsen Rahama da raƙuma masu ado, ya karɓi hotonsa nan take. Polaroid SX-70 ta 1972 da waɗanda suka biyo ta sun warware matsalar batir ta hanya mai wayo, domin kowane fakitin fim da nasa batirin yake zuwa. Ta fuskar fasaha yawancin waɗannan hotuna ba su kai ba: fuska ta yi duhu, ihrami ya yi toka, filasha ta ja ido. Ta fuskar tarihin zamantakewa kuwa sun fi na mujallu amfani, tun da a bayansu akwai wanda zai iya cewa wannan wane ne, ɗan wace unguwa, wa ya biya masa kujera.

7.0 Abin da ya Rage

Saudiyya ta ɗage haramcin sayar da waya mai kyamara a Disamba 2004, daga nan zamanin fim a Hajji ya kama hanyar ƙarewa. Kodak ya daina yin Kodachrome a 2009. A yau kyamara mai sifirin ta shekara 50 mai gyaran agogo mai haƙuri zai iya kwance ta ya wanke ya sa mai, ko da yake ma'auninta na iya rasa batirin zaiba mai bolt 1.35 da Amurka ta hana sayarwa a 1996. Mai lantarki idan ƙwaƙwalwarta ta ƙone sai a nemi gawar 'yar'uwarta a ciro. Ba duka suka mutu ba, F3 da yawa suna aiki har yanzu, amma ƙananan na roba da alhazai suka sayo yawancinsu sun daɗe da zama tarkace a ƙasan akwati.

Hotunan ma haka rabon ya kasance. Na Abdulgaffar suna adane a ɗakin karatu na Jami'ar Leiden, Kodachrome da aka ajiye a duhu yana riƙe da launinsa. Hoton takarda mai launi na shekarun 1980 kuwa, wanda ya sha zafin ɗaki da hasken taga da laimar damina a Zariya ko Damagaram, yana komawa ja-ja, dodonsa galibi an yar, na Polaroid kuma dama ba shi da dodo. Mafi ƙuruciyar taskar ita ce ke gaba wajen lalacewa.

Lantarki ya bar wa mai nazari kyauta ɗaya da sifirin bai bayar ba. Ƙananan kyamarori da yawa na shekarun 1980 da 1990 suna buga kwanan wata da jajayen lambobi a kusurwar hoto. Sau da yawa mai kyamarar bai saita agogon ba, don haka sai an gwada lambar da kalandar Hajjin shekarar, a kuma gwada ta da abin da ke bayan mutanen. Hasumiya bakwai a Harami na nuna hoton ya riga aikin Sarki Fahad, wanda ya mai da su tara. Tantunan auduga a Mina sun riga gobarar Afrilu 1997, wadda bayanta aka kafa fararen tantunan da ba sa cin wuta. Ganuwar Ajyad ta Turkawa a kan tudunta tana nufin kafin Janairu 2002, ginshiƙi a wurin jifa maimakon doguwar katanga kuma yana nufin kafin Hajjin Janairu 2005.